Rumbuna a Liƙe Yake, Amma Babu Ko Ƙwaya a Ciki

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tallafin Fari, Gashuwa.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Sunana Adamu Kaku, manomin gero a Katuzu. Na rubuto a fili ne domin duk zuwan da na yi ofishinka, a bakin ƙofa masinja yake tsayar da ni. An cire sunana daga tallafin fari, kuma babu abin da ya rage a gidana sai geron iri.

Na ɗaya. Ka san ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Da kaka ta zo, na kwaɓa laka na liƙe bakin rumbuna, alhali fanko ne. Haka na ga mahaifina ya yi a shekarar yunwa. Magidanci ba ya barin mata da yara su ga rumbu a wangale, don ranar da suka gani barci ya ƙare musu. Na riƙa sayar da awaki ina auno hatsi a kasuwa, ina cewa ajiya nake yi wa damina.

Na biyu. Malamin da kuka turo ko kashe babur ɗinsa bai yi ba. Ya leƙa ta saman zana, ya ga rumbu a liƙe, ya rubuta cewa ina da abinci. Daga baya ya tambaye ni yadda gona ta yi a ƙofar dagaci, ga surukina zaune a tabarma, na ce mun gode Allah. Don Allah me zan ce? In faɗa wa mutum a gaban jama'a cewa na kasa ciyar da 'yarsa?

Na uku. Waɗanda suka ji ƙishin-ƙishin zuwansa sun kwashe hatsinsu zuwa ɗaka, suka bar rumbu baki buɗe. Sunayensu ne a saman takarda. Ba zan ambace su ba, tare muke sallah. Amma abin yana ci mini rai.

Na huɗu. Na je har Nguru, na ga buhunan tallafi a tashar jirgin ƙasa da idona, aka ce sai mai suna a takarda. Da na dawo na fasa lakar a gaban matata Hajara. Ko leƙawa ba ta yi ba. Ashe ta daɗe da sani, shi ya sa tun sanyi take cewa ba ta jin yunwa da rana. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Roƙona shi ne a sake turo mutum, ya hau tsani ya duba da kansa, rumbuna da na sauran magidanta irina, don ba ni kaɗai na liƙe fanko ba. Kuma a daina tambayar mutum halin gidansa a bainar jama'a.

Ina roƙon a hanzarta. Shekaranjiya na ba Hajara izini ta sussuke rabin irin, yara suka ci tuwo suna murna. Sauran rabin ma ba zai daɗe ba. Idan ruwan farko ya sauka kafin malaminku ya iso, maƙwabta za su fita shuka ni ina zaune a gida.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare gidanka daga irin wannan shekara.

Wassalam.
Adamu Kaku, Katuzu.