Inda Ruwa Ya Kai Mijinyawa

Karaye, 3 ga Yuli, 1994

Zuwa ga ƙanena Halliru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Halliru, ba lafiya ba. Mijinyawa ya tafi Gabon da jakunkunan fatar da ya ɗinka. Wani mutumin garin Turawa, nan kusa da mu, ya dawo daga Kalaba, ya ce injin jirgin ruwan su Mijinyawa ya mutu a tsakiyar teku, ruwa ya ja su, ba a san inda suka yi ba. Kullum Inna cewa take aikinka a Legas auna gudun teku ne. To ga ranarsa. Don Allah ka faɗa wa masu nema inda ruwan ya kai mini mijina. Yara sun hana ni sakat da tambaya.

Yayarka,
Kubura

Legas, 19 ga Yuli, 1994

Yaya Kubura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jimami. Tun kafin takardarki ta iso na ji, kuma na bi jirgin nema.

Ba zan ɓoye miki ba. Muna da na'urori da muka ɗaure cikin ruwa a wajen da jirginsu ya ɓace. Sun nuna ruwa gabas yake gudu, muka bi gabas. Da muka sake dubawa, sai suka nuna kudu. Teku hawa biyu ce, Yaya, ɗumi a sama, sanyi a ƙasa, kamar yadda masu nutso a dam ɗin Challawa ke faɗa. A mahaɗarsu akwai taguwoyi, wato igiyoyin ruwa, masu tsayin bene, suna tafiya a ɓoye, ko da saman ruwa ya kwanta luf. Su ke jijjiga na'urar, har ba ma iya rarrabe gudun ruwa na gaskiya da wucewarsu. Sai an daɗe ana awo ake tace su. Wanda ƙishirwa ke ci ba zai jira mu ba.

Man jirginmu ya kusa ƙarewa, an ce mu juyo. Na roƙi shugabanmu har na durƙusa.

Ƙanenki,
Halliru

Karaye, 10 ga Agusta, 1994

Halliru,

Ina gaisuwa. An karanta mini takardarka sau biyu, ban gane taguwar da ba a gani ba. Na je Rogo wurin mahaifiyar Mijinyawa, Iya Tasalla. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan'uwanki mai ilimin ruwa, me ya ce?" Malamai sun ce ba zan shiga takaba ba sai an tabbatar. Ni ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Kalma ɗaya nake so: yana raye?

Kubura

Legas, 28 ga Agusta, 1994

Yaya,

Na kai sunansa kowace tashar jirgi da hannuna ya kai. Babu wanda ya gan su, babu wanda ya ga gawa. Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban sani ba.

Ina tafe ranar Asabar. Kada ki koma Rogo ke kaɗai. Ni zan faɗa wa Iya da bakina.

Halliru