Ƙafar Dama Ba Ta Yi Laifi Ba

Ya zakin falona, inuwar da nake fakewa, ruwan sanyin zuciyata, gwarzon da ya gagari maza amma igiyar roba ta gagare shi! Maigida, ina gaishe ka daga saman bene, kai da gwiwar ƙarfen da likitoci suka saka maka a ƙafar hagu mako shida da suka wuce. Hagu na ce, farin cikin raina, don na lura ka manta.

Kewarka ta ishe ni! Matakala goma sha shida ce tsakaninmu, amma ji nake kamar kogi ne ya kawo. Ka tuna ranar da muka tare a gidan nan? Ka saɓa akwatina a kafaɗa, kana hawa bibbiyu, kana waigowa kana mini dariyar nawa. Ina wannan barewar take yau? Tana kwance a falo, ta rungume rimot.

Da aka haɗa mu da malamar Filatis, wannan atisayen da ake kwanciya a tabarma ana miƙe gaɓɓai a hankali ana jan numfashi, cewa ka yi wasan 'yan gayu ne. Kai fa, malamin wasanni na shekara talatin, mai usur a wuya, wanda ya sa 'ya'yan mutane tsallen kwaɗo cikin rana har suna kiran iyayensu! Ashe wanzami ba ya son jarfa.

Kullum da hantsi kana kan tabarma, ka lulluɓa da bargo wai sanyi na kama ƙarfe, ni ina bakin ƙofa ina ƙirga maka. Ka zame diddige, ka lanƙwasa, ka miƙe, ka ja igiya, da nishi mai tsinka zuciya. Jiya Malama ta yaye bargon ta auna. Tubarkalla! Ƙafar dama, lafiyayya, wadda wuƙa ba ta taɓa ba, ta murɗe kamar ta ɗan kokawa. Ta hagu kuwa tana nan a sandare kamar taɓarya. Mako uku kana horar da wadda ba ta yi laifi ba, ya hasken idanuna!

Ka dai ji saƙon likita: saura mako biyu. In gwiwar hagun ba ta lanƙwasu ba, za a sake yi maka allurar barci a lanƙwasa ta da ƙarfin tsiya, in ta ƙi kuma shi ke nan har abada. Falo ya zama ɗakinka, sallarka ta koma kan kujera, ni kuma in tsufa a sama ina hira da fanka. Tanadin da ka yi mana ke nan?

To bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa Malama ba. Na sani. Tun rana ta uku na ga yatsun da ke leƙowa ta ƙasan bargo. Bayan shekara talatin da huɗu da aure, ƙafafunka ne zan kasa bambancewa? Na kau da kai na ci gaba da ƙirga, saboda ranar da ka fara gwada ta hagun na ga hawaye a idonka, zuciyata ta karye. Tsoro kake ji, ni ma shi nake ji. Tausayina ya kusa gurgunta ka, kuma ba zan yafe wa kaina ba in ya ƙarasa.

Saboda haka, ya tauraron asubata, ga alkawarin masoyiya. Gobe da hantsi zan sauko in zauna daram a kan ƙafarka ta dama, da duk nauyin nan da kake cewa shi ne kyawuna, ba zan ɗaga ba sai hagu ta yi goma cif. Ka yi ihu, ka yi wa wanda ya ƙirƙiro Filatis Allah ya isa, ka yi kuka in ya zo. Ina riƙe da hannunka, kuma maƙwabta ba za su ji daga bakina ba.

Taka har numfashin ƙarshe, ko kana gudu ko kana ɗingishi,
Matar da ta daina tausaya maka daga gobe.