Awa Uku da Minti Arba'in

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan biyu. Mu ma nan lafiya lau. Kawu ya warke daga ciwon ƙafar, har ya koma shagonsa yana faɗa da masu kawo gyaran rediyo. Ni kuma ina nan a kan keken ɗinkina, bayana na ciwo, bakina bai mutu ba.

Auta, laifi na yi, gara ka ji daga bakina. Ka san shekara shidan nan duk wanda ya ce ka ƙi gida, Inna ce mai tare maka faɗa. A lissafinta, garin da kake tafiyar kwana goma sha biyu ce, don kwanakin da marigayi Baba ya yi ke nan a bayan babbar mota da ya je can yana saurayi. To, ran Laraba na raka Inna asibiti, muna zaman jiran likitan ido, zama ya ishe ni, na ɗauko waya na duba nisan da ke tsakaninmu. Kilomita dubu biyu da ɗari bakwai, a jirgi awa uku da minti arba'in. Da haushinka a raina na karanta da ƙarfi. Inna ta sa na maimaita. Sannan ta tambaye ni tun ƙarfe nawa muke kan bencin nan, na ce tun bakwai, ga shi sha biyu ta gota. Sai ta ce ashe da tare muka fito da kai, da ka riga likita zuwa. Tun ranar ba ta ƙara kare ka ba, kuma wallahi na fi son lokacin da take yi.

Likita ya ce jijiyar idon ce, aiki ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Na hagu ya rufe, na dama saura kaɗan, watakila wata uku ko huɗu. Kada ka ce mini ai kuna gaisawa ta bidiyo. Kai ma ka san kunnenta kawai kake gani, don a nan take manna wayar. Fuskarka a gilashin wayar nan inuwa ce a wurinta. Hotonka na makaranta ta sa na cire daga bango na ajiye mata bakin taga, kullum da hantsi tana juya shi a hannu. Ina kewarka, Auta, har faɗanmu a kan kujerar bakin ƙofa nake kewa. Amma ni zan iya jira.

Na san aiki, na san neman hutu ba sauƙi. Na dai duba maka: jirgin da ke zuwa kai tsaye Talata ne da Asabar. Ka hau na safe, kada ka hau na yamma. Daga ƙarfe huɗu, da rana ta bar tagarta, ko ni sai na yi magana take gane ni.

Kawu da Gwaggo suna gaishe ka, maigidana ma haka. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan 'yan biyu. Na tambayi Inna saƙonta, ta ce ka aske gemun nan da ake ba ta labari, fuskar da ta sani take so ta gani.

Taka har kullum,
Yayarka