Riƙon da Na Sa wa Ajiyar Asibitin Zurmi

Zuwa ga Yaya Saude,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Halilu da yara, da ɗiyata Anisa da kike ɗawainiya da ita. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa, ya tsare hanyarmu. Ni nan Legas sai godiya. Kullum ina cikin sanyin ɗakin na'urori, ba mai tambayar ko na ci abinci.

Kin yi ta mitar na aike ki neman sa hannun likita ba bayani, to ga shi. Kamfaninmu ke ajiye kwafin bayanan ƙaramin asibitin Zurmi da ake duba Anisa. Kowane kwafi da wa'adinsa: in ya cika na'ura ta goge shi da kanta, don ta ɗauka sabo ya iso. Da aka katse layin waya a Zamfara sabo ya daina zuwa, ita kuwa ba ta daina gogewa ba. Na duba na ga saura kwafi guda. Maganinsa shi ne a sa masa riƙo, wato a ɗaure shi, ko wa'adi ya wuce ba ya goguwa sai wanda ya ɗaure ya kwance. Kin san riƙo, in ji ke da kanki ba a karɓe ɗa sai mai riƙonsa ta yarda.

Shugabana ya ce riƙo yana cinye wurin ajiya, kuma ba a sa shi sai da izinin mai kaya a rubuce. Na ce mai kayan yana garin da ko gaisuwa ba ta fita. Ya ce shi bai ma san inda Zurmi take ba. Wannan ta yi mini ciwo, Yaya, shekaruna nawa ina zaune kusa da shi. Amma ba zan zalunce shi ba, ƙa'ida ya bi, kuma shi ya yarda na sa riƙon wucin gadi har takardar izinin da kika sa likita ya sa wa hannu ta iso ta hannun Armiya'u direba.

Sauran kin fi ni sani. Ɓarayin daji suka kwashe na'urar asibitin, likita ya bar gari, ciwon sikilar Anisa ya tashi, kuka kai ta Ƙaura Namoda, ba mai tuna sunan allurar da ta taɓa sumar da ita. Da Armiya'u ya samu layin waya a hanyar Funtuwa ya faɗa mini, na buɗe kwafin nan da izinin da ke takardar, ga sunan allurar a fili. Na faɗa masa, ya rubuta a bayan hannunsa ya juya mota zuwa Ƙaura. Daga baya ya kira ya ce tana cikin waɗanda aka rubuta za a yi mata, aka soke. Na zauna a ƙasa cikin ɗakin nan na yi hamdala har mai gadi ya leƙo.

Jiya shugaban ya tambaye ni yaushe zan kwance riƙon. Na ce sai asibiti ya samu sabuwar na'ura na mayar musu da komai, don ba Anisa kaɗai ke ciki ba. Bai musa ba, har ya sa hannu.

Ki gaishe mini da Inna, da Kawu Tsoho na Moriki, da Asiya da Hafizu. Ki ce wa Anisa ta ci abinci, ina tafe in an yi girbin gero.

Ƙanenki,
Lukman