Mai Hana Mu Cewa In Sha Allahu Ya Kwanta a Ƙofata

Iya Risikatu, ki taimake ni da shawara.

Tun ranar 3 ga Mayu, 2009 nake riƙe da Morufu, ɗan ƙanena, a zuciya. Ni na rene shi a Ibadan, ni na koya masa magana gaban jama'a lokacin ina koyar da adabi, kafin duniya ta manta da ni. A wannan rana ce ya cika zauren taro yana koya wa matasa sirrin nasara. Na je taya shi murna, sai ya miƙo min hannu a tsaye. Hannu! Yaron da ya kamata ya kwanta rub da ciki ya gaishe ni bisa al'adarmu. Har ya ce wa mutanensa wai ni wani dattijon unguwarsu ne.

Bana bakinsa ya kayar da shi. Ya faɗa a taro cewa "in sha Allahu" kalmar malalata ce, ita ta talauta Musulmi. Aka soke tarurrukansa, masu tafi suka watse, matan kasuwa suka sa masa suna Alhaji Ba-Sai-Allah-Ya-So-Ba.

Shekaranjiya sai ga shi kwance a ƙofata, babbar riga cikin ƙasa, maƙwabta na kallo. Ban yi saurin cewa ya tashi ba. Rabona da jin daɗi irin wannan har na manta. Yana so in raka shi wajen limamin unguwa ya janye maganarsa, don ba za a saurare shi ba sai da babba. Na ce masa, in sha Allahu.

In je? A kan yaron nan muka ɓata da ubansa, har ya rasu ba ma magana.

Tsohon Malami, Ibadan

Baba,

Ka yi nasara, kuma ka cancanta. Ya raina ka a gaban baƙi, ya dawo ya kwanta a gaban maƙwabta. Haƙƙinka ya fita.

Amma ka duba amsar da ka ba shi. Idan ka faɗe ta ba ka da niyyar zuwa, ai ka gaskata abin da ya faɗa a taro ke nan. Morufu ya yi kuskure babba, ya ɗora laifin masu wasa da kalmar a kan addini. Kai da ka koyar da harshe ka fi kowa iya bambance masa.

Ka sa rana, ka sa hularka, ka shige gaba yana biye. Ya yi maganarsa da bakinsa, kada ka yi masa. Mutane a fusace suke, zamanka kusa da shi kariya ce. Ƙanenka ya riga ya tafi, ɗansa kuwa yana nan.

Allah ya ƙara girma, ya sanyaya zuciya.

Iya Risikatu