Uba Biyu a Fayil Ɗaya

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da kajinka. Tunda ka ce kai ba ka maganar aiki a waya, ga ni na koma zamanin da, biro da takarda. Yaya, wadda nake taya aiki a shagon kwafi, sai dariya take yi mini, wai shagonta cike da kwamfuta amma ni ina yawon neman ambulan.

Sakamakon jarrabawar sakandare ya fito, a zama na biyu dai ban ba ka kunya ba. Ina nan kan bakana: hulɗar ƙasa da ƙasa zan karanta, in gama in shiga hukumar tsaron da ka yi wa aiki shekara talatin. Makarantu biyu na tsaya a kai. Akwai babbar jami'a, inda tsofaffin jakadu ke koyarwa, ga harsuna uku da ake koya wa ɗalibi. Za su rufe karɓar fom nan da kwana goma sha biyu. Sai ƙaramar kwalejin nan ta bayan tashar jirgin ƙasa. Sashensu bai fi shekara shida da buɗewa ba, ɗakin karatunsu kuwa na leƙa, bai kai falonmu ba. Su sai nan da wata uku za su rufe.

Ka san inda zuciyata take. Gaskiya albarka nake nema, ba shawara ba. Duk da haka na sa kwafin takarduna a ciki, ka duba da idon nan naka da ba ya barin ko ɗigo.

Ka gaishe mini da Inna. Na bar ka lafiya.

'Yarka da kake tsokana da
Jakadiya

*

Jakadiya,

Na amsa gaisuwa. Innarki lafiya, kaji sun yi mura amma sun warware.

Na duba takardunki sau biyu. Maki ya yi, ba nan matsalar take ba.

Takardar haihuwarki tana ɗauke da sunan mahaifinki. Ta firamare da ta sakandare nawa suke ɗauke da shi a gurbin uba. Jami'a ba ruwanta, abin da ke kan takardar sakandare za ta kwafa ta ba ki digiri da shi. Hukuma ce ba ta yafewa. Shekara goma sha takwas na yi a ɗakin tantance sababbin ma'aikata, tebur ɗaya, fanka ɗaya mai ƙara. Fayil mai uba biyu ba ma ƙin sa, ba ma kuma karɓarsa. Akwai kabad na ƙarfe a bayan ƙofa, a aljihun ƙasa yake ƙarewa. Mai shi ya yi ta jira, yana ce wa mutane don ba shi da uwa a gindin murhu ne. Da hannuna na sa sun fi ɗari.

Gyara yana yiwuwa, amma kafin shiga jami'a. Wanda ya yi gyara bayan digiri, a wurinmu mai ɓoye wani abu ne. Za ki yi rantsuwa a kotu, ki buga a jarida, ki kai wa hukumar jarrabawa. Ana buƙatar sa hannun mahaifinki da kwafin katin shaidarsa. Wata biyu ne in an yi sauri, kin ga babbar jami'a ta rufe. In kika jira baɗi kuma, ranar da za ki gama kin wuce shekarun ɗauka da wata biyar. Na lissafa.

In babbar jami'a kike so, cika fom gobe da sunana, ki manta da hukuma. In hukuma kike so, cire sunana ki shiga ta bayan tasha. Littattafan iri ɗaya ne.

Allah ya yi miki zaɓi.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta same ni, na karanta ta a tsaye a gaban injin kwafi har takardar wani mutum ta maƙale ban sani ba.

"Cire sunana." Haka ka rubuta, kamar kana cewa in cire ƙaya a ƙafa. Shekarata uku Umma ta rasu, mutumin nan ya ajiye ni a ƙofar gidanka da jaka ɗaya, bai ƙara waiwayowa ba. Ko a hanya na gan shi ba zan gane shi ba. Shi zan je in durƙusa wa in ce ya ara mini sunansa? Duk ranar da aka kira suna a aji, naka na amsa. Raina ya ɓaci, Kawu, ba zan ɓoye maka ba.

Me zai hana a gyara ta haihuwar ita ɗaya, a bar sauran? Takarda ɗaya ta fi biyu sauƙi ai.

Kuma ina da tambaya. Kai ka kai ni firamare, a lokacin kana zaune a wancan teburin mai fanka. Ba ka san da kabad ɗin ba ne ranar?

Saura kwana bakwai. Ina jiran amsa.

Jakadiya

*

Jakadiya,

Gaisuwarki ta iso, da faɗan da ke bayanta.

Ta haihuwa ba a taɓa ta, don ita ce mai gaskiya. In kika rantse cewa ni na haife ki, kin yi rantsuwar ƙarya. Masu bincike kuma ba takarda kawai suke dubawa ba. Za su zo layinmu da kaya irin na kowa, su zauna a bencin mai gyaran rediyo, kafin su tashi ya ba su tarihinki tun daga ranar jakar nan.

Tambayarki ta biyu. Na sani. Malamar ta buɗe rajista ta ce, "Sunan uba?" Kina riƙe da yatsana, kin ƙi saki. Na san me ya kamata in faɗa, na kuma san aljihun da irin wannan ke ƙarewa. Na faɗi nawa. Ni da Innarki Allah bai ba mu haihuwa ba, ina so in ga sunana a bayan na wani yaro ko sau ɗaya. Na ce zan gyara kafin sakandare, da lokacin ya zo na kasa. Son kai ne, kuma ke za ki biya. Ki yafe mini.

Mahaifinki yana facin taya a bakin babbar hanya, kusa da gidan mai na biyu in an fito daga tashar mota. Na rubuta miki kwatance a bayan takardar nan. Zaɓi naki ne, ba zan ƙara magana ba.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun wata biyu.

Ranar da babbar jami'a ta rufe, fom ɗinsu yana kan kwamfutar Yaya a cike, saura in danna. Na zauna ina kallonsa har aka tashi shago. Ban danna ba.

Na je wurin mai facin. Rumfa ce ta kwano, tayoyi jibge, da baho na baƙin ruwa da yake tsoma tayar ciki. Na faɗa masa ko ni wace ce, ya goge hannu a riga ya jawo mini taya na zauna. Ya ce na yi kama da uwata. Ya sa hannu bai karanta ba, da aka zo wurin ranar haihuwata sai da na faɗa masa. Ya tambaya ko aikin nan ana ba da mota. Sai wata babbar mota ta tsaya, ya ce in yi haƙuri, ya tashi. Ban ji haushi ba, ban ji komai ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Kotu ta yi, jarida ta buga, hukumar jarrabawa ta ba ni sabuwar takarda jiya. Ga kwafi nan. Ta bayan tasha ta ɗauke ni. Da magatakarda ya kira sabon sunan, sai da ya maimaita sau uku kafin na gane da ni yake.

Na yafe maka tun ranar da wasiƙarka ta zo, girman kai ne ya hana ni rubutowa. Yanzu sun ba ni fom na rajista mai shafi huɗu, ban san inda zan sa ka ba.

A gaida Inna. Allah ya ƙara maka lafiya.

Jakadiya

*

Jakadiya,

Na amsa. Na duba takardar sau biyu, babu kuskure. Wannan fayil zai wuce.

Kada ki sa ni a shaidu, ba a karɓar dangi. Gurbin uba kuma kin san abin da za ki rubuta.

A shafi na ƙarshe, can ƙasa, akwai layin da ake tambayar wanda za a kira in wani abu ya same ki. Shekara goma sha takwas ban ga an tantance wannan layin ba. Ki rubuta wanda kika ga dama.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki