Hannun da Ban Ɗaga Miki Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randar da nake tunawa duk sa'ad da kwalta ta gasa mini tafin ƙafa. Matata, sarauniyar masu fushi!

Ƙanwata ta kawo mini ƙararki. Ta ce tun da kika koma gidan Inna kin kafe, wai ke da zaman birnin nan har abada. "Birni ya cinye shi," in ji ki. "Na yi ta ɗaga masa hannu har kafaɗata ta yi tsami, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba." Haba, masoyiyata! Ni ne zan kasa gane ki? Ni da nake shaida takunki a cikin cincirindon kasuwa tun kafin in ga fuskarki?

Bari in ba ki labarin ranar nan ta ɓangarena. Kin zo ba sanarwa, kika sauka daga bas a bakin babbar mararrabar da nake ba wa motoci hannu, jakarki rungume a ƙirji don tsoron 'yan sane. Da na hango ki, wallahi saura ƙiris in haɗiye usur ɗina don murna! Amma muddin ina tsaye a kan ɗan dakalin nan na tsakiyar titi, hannuna ba nawa ba ne. Direbobi ba ruwansu da fuskata, hannuna suke kallo. Ko ƙuda na kora, sai wani ya taka mai. Ke kuwa kin riga kin sa ƙafa a titi, kina ta ɗaga mini hannu. Da na mayar miki, da motoci sun taso kanki. Ina zan sa kaina?

Sai na miƙe hannuwana biyu na tsayar da kowa, gabas da yamma, kudu da arewa. Kina takowa a hankali kina hararata, hon kuwa ya cika gari. Wani direban bas ya leƙo yana cewa, "Yallaɓai, barci kake yi a tsaye?" Ko kallo bai ishe ni ba. Ban saki mota ko ɗaya ba sai da kika taka wancan gefen lafiya. Kafin a zo a canje ni, kin yi zuciya kin bi motar gida.

Ba zan yi miki ƙarya ba, tsakiyar birnin nan akwai wahala. Hayaƙi yana baƙanta mini farar riga kafin azahar. Mutane suna bangazar juna ba sannu. Ɗakin da na kama a saman shagon mai takalma, in kika miƙe ƙafa da kyau sai ki taɓa ƙofa, fankar kuma ta fi ƙara fiye da iska. Amma ki zo ki ga yadda rana take sauka a gilasan dogayen benaye da yamma, kamar an watsa musu manja! Ki ga ruwan da ke tsartuwa sama a shataletale, yara suna ihu in iska ta feso musu shi. Bayan layinmu kuma shagunan yadi ne reras, launin da ba ki taɓa sa wa almakashi ba. Duk lokacin da na wuce sai in ce, ina ma telata tana nan! Har na ture gado jikin bango, na bar wa keken ɗinkinki wuri a gindin taga.

Ina kewarki, furen zuciyata, kewa mai hana abinci ɗanɗano. Me zan yi da gari cike da jama'a in babu ke a ciki? Ki dawo, don Allah. Zan koya miki tsallaka titunan nan ɗaya bayan ɗaya, har ki riƙa yi wa baƙi kwatance.

Sai dai ki sani, in kika sake bi ta mararrabata, hannu dai ba zan ɗaga miki ba. Amma in kika ga motoci sun tsaya cak ta ko'ina, direbobi suna ta hon suna zagin wani bawan Allah mai farar riga, to ki yi murmushi ki tako abinki. Mijinki ne yake gaishe ki.

Naki ni kaɗai, muddin ina numfashi,
Mijinki mai ba da hannu.